Haɗa wasan Doom na mutum huɗu ta layin umarni, ba tare da intanet ba

Wani matashi mai ɗakin kwamfuta a Sabon Gari, nan Damagaram, ya aiko da tambaya. Yana da tsofaffin kwamfutoci uku masu Windows 7 da wata ta cinya mai Linux, duk a haɗe da suwic guda, intanet kuwa sai na salula. Yana so ƴan fadarsu su riƙa buga Doom tare idan an tashi aiki. Ya sauko da Chocolate Doom, wata manhaja mai tayar da Doom a kwamfutocin yanzu, ya gwada: kwamfuta ɗaya ba ta ganin mai masauki, wato kwamfutar da sauran ke shiga wasan ta wurinta, ko kaɗan, sauran sun shiga, amma ko minti ba a yi ba wasan ya mutu da rubutun "consistency failure". Tambayarsa ita ce wane umarni ake rubutawa, kuma me ke watsa wasan.

Ƙanena, umarnin layi biyu ne kacal, zan ba ka su. Amma matsalolinka guda biyu ne daban, kuma ta biyun ba za ka rabu da ita ba sai ka san abin da kwamfutocin nan ke faɗa wa juna a cikin waya. Don haka ka yi haƙuri mu fara daga can.

Kamfanin id Software ya fitar da Doom ranar 10 ga Disamba 1993, Doom II kuma ya biyo baya a 1994. An rubuta shi ne don kwamfutar 386 mai ƙwaƙwalwa megabayit 4, lokacin da layin sadarwa ba ya ɗaukar kaya mai nauyi. Dabarar da masu shi suka yi ita ce kada a aika hoto, kada a aika inda kowa yake tsaye, kada a aika inda harsashi ya faɗa. Wasan yana raba kowace daƙiƙa gida 35. A kowane gida, kwamfutarka tana tattara abin da hannunka ya yi kawai: ka yi gaba ko baya, ka goce gefe, ka juya, ka danna harbi, ka buɗe ƙofa. A ainihin wasan wannan saƙon bayit 8 ne. Shi ake rarraba wa kowa, sannan kowace kwamfuta ta lissafa duniyar wasan gaba ɗaya da kanta. Ko abin da kake gani kamar sa'a, wato yawan raunin da harbi ya yi ko inda dodo ya nufa, ba sa'a ba ce: jerin lambobi 256 ne a rubuce cikin wasan, kowa yana bin su ɗaya bayan ɗaya a tare.

Ka ɗauka mutum biyu ne ke dara ta wayar salula, ɗaya a Birni ɗaya a Garin Malam, kowa da gurabensa a gabansa. Abin da suke faɗa wa juna kawai shi ne "na ɗaga wannan na sa a can". Muddin sun fara da jeri iri ɗaya, wasa zai tafi daidai har ƙarshe. Idan ɗa guda ya sha bamban tun farko, za su yi ta bugawa ba su sani ba, sai can ɗaya ya ce ya ci, ɗayan ya ce ai babu ɗa a wannan gurbin. Abin da ya same ka ke nan. Cikin saƙon nan na bayit 8 akwai wata ƴar lamba da aka ciro daga wurin da ɗan wasa yake tsaye. Kowace kwamfuta tana gwada ta da nata lissafin, da zarar sun saɓa sai wasan ya tsaya ya rubuta "consistency failure". Ba suwic ɗinka ne ya lalace ba, ba kuma tsufan kwamfutocin ba ne. Ɗayansu tana da fayil ɗin da ba irin na sauran ba.

Fayil ɗin da nake nufi shi ne WAD, inda taswirori da hotuna da sauti suke. Chocolate Doom inji ne kawai. Simon Howard ya fara shi a 2005 daga lambobin asali na Doom, waɗanda id Software ta saki a Disamba 1997, kuma manufarsa ya yi aiki tamkar na zamanin DOS. Injin kyauta ne, amma doom2.wad ba kyauta ba ne, ana sayen sa har yau. Kuma doom2.wad ba iri ɗaya ba ne a duniya: akwai na 1.666, akwai na 1.9, akwai wanda ya zo cikin Doom 3 BFG Edition na 2012, sunansu ɗaya amma cikinsu ya bambanta. Wanda ya kwaso ɗaya daga filash ɗin aboki, ɗaya daga wani shafi, ya riga ya shirya wa kansa abin da ka gani. Na 1.9 girmansa bayit 14,604,584 ne. Hanyar da ta fi duba girma tabbas ita ce ka ciro hatimin fayil ɗin a kowace kwamfuta. A Windows:

certutil -hashfile doom2.wad MD5

A Linux:

md5sum doom2.wad

Dogon jerin haruffa da lambobi zai fito. Ba sai ka karanta duka ba, ka gwada shida na farko da shida na ƙarshe. In ba su zo ɗaya a kwamfutoci huɗun ba, kada ma ka fara. Ina kuma kyautata zaton Chocolate Doom ya gargaɗe ka, domin a allon jira yana gwada fayilolin kowa da na mai masauki, yana fito da akwatin gargaɗi idan sun saɓa. Yawancin mutane rufe shi suke yi su wuce, tun da yana barin a shiga.

Shawarata gare ka, tun da wurin sana'a gare ka, ka bar doom2.wad ka ɗauki freedm.wad. FreeDM na cikin aikin Freedoom, masu sa kai ne suka zana shi daga tushe, taswirori 32 ne da aka yi musamman don ƴan wasa su fafata da juna, babu dodanni a ciki, kuma lasisinsa ya yarda ka kwafa, ka raba, har ka yi sana'a da shi. Ko dala ashirin kake karɓa a zagaye, gara ta zama ba haƙƙin kowa a kanta. Akwai kuma doom1.wad, kason farko na Doom mai matakai 9 da kamfanin ya bari a raba tun 1993, wajen megabayit 4, sai dai ba ya karɓar ƙarin taswirori. Ka sauko da abin da ka zaɓa sau ɗaya, ka zuba shi cikin folda guda tare da Chocolate Doom, ka kwafe foldar ɗungurungum zuwa kwamfutocin Windows ukun da filash guda. A ta Linux, idan Debian ce ko Ubuntu:

sudo apt install chocolate-doom freedm

Sannan ka duba abu biyu: cewa freedm.wad ɗin da apt ya kawo hatiminsa ɗaya da na filash ɗinka, in ba haka ba ka kwafa masa naka, da kuma cewa lambar fitowar injin ɗaya ce ko'ina. Tana bayyana a saman tagar wasan. Kada ka yi ƙasa da 3.0.1, wadda ta fito a 2020 ta toshe wata kafa da mugun baƙo zai iya bi ya kayar da sabar, wato ɓangaren wasan da ke kan mai masauki yana haɗa kowa.

Yanzu waya. Kowace kwamfuta tana buƙatar adireshin IP, kuma duka huɗun su kasance gida ɗaya. A Windows ka buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta ipconfig, ka nemi layin da ke cewa "Adresse IPv4" tun da yawancin namu da Faransanci suke. A Linux ka rubuta hostname -I. Da yake suwic gare ka tsura, babu na'urar da ke raba adireshi, mai yiwuwa ka ga lambobi masu farawa da 169.254. Wannan adireshin da kwamfuta ke ba kanta ne idan ba ta sami mai ba ta ba. Yakan yi aiki tsakanin na Windows, amma yana iya canzawa, kuma ta Linux sau da yawa ba ta ɗaukar irinsa sai an ce mata. Ba na son sa a ɗakin da za a riƙa wasa kullum. Ka ba kowace nata na dindindin. A na Windows, a cmd da aka buɗe da ikon mai gudanarwa:

netsh interface ip set address name="Connexion au réseau local" static 192.168.1.10 255.255.255.0

Sunan da ke tsakanin alamomin zance shi ne wanda ipconfig ya nuna maka a taka kwamfutar, a sababbin Windows yakan zama "Ethernet". Ta biyu ka ba ta 192.168.1.11, ta uku 12, ta huɗu 13. Ka rubuta lambar kowace a takarda ka manna a jikinta. Daga nan ka tsaya a kowace kwamfuta ka yi ping 192.168.1.10. In amsa ta dawo, waya lafiya. In ba ta dawo ba, kada ka yi saurin zargin kebul, domin Windows kan ƙi amsa ping idan ta ɗauki hanyar sadarwar a matsayin ta jama'a. Ka duba fitilar suwic tukuna, ka ga ko tana ci a ramin da ka soka. Ƙurar hunturu tana cika ramukan nan, kuma kan kebul da haƙorinsa ya karye yakan zame ba a lura ba.

To ga umarnin. Ka shiga foldar wasan, hanya mafi sauƙi ita ce ka buɗe ta ka rubuta cmd a layin adireshin da ke samanta ka danna Entrée. A kwamfutar mai masauki:

chocolate-doom -iwad freedm.wad -server -privateserver -deathmatch -warp 1 -timer 10 -nodes 4

A sauran ukun:

chocolate-doom -iwad freedm.wad -connect 192.168.1.10

Shi ke nan. Kalmar -server ita ke sa wannan kwamfutar ta zama masauki kuma ta yi wasa a lokaci guda. Ita -privateserver tana hana ta neman yin rajista a babban jerin sabobi na intanet, abin da ba ka buƙata a ɗakin da babu intanet. Da -nodes 4 wasan zai tashi da kansa da zarar mutum na huɗu ya shigo. In ka cire ta, allon jira zai tsaya har sai mai masauki ya danna dogon madannin tazara, kuma hakan ya fi idan ba ka san ko mutum nawa za su zo ba. Ka lura da kyau: ba a shiga bayan an fara. Wanda ya tsaya zuba shayi ya makara sai ya jira zagaye na gaba. Dalilin shi ne abin da na faɗa a sama, babu wanda ke riƙe da hoton duniyar da zai miƙa wa sabon shigowa, kowa ya lissafo ta ne tun daga gidan farko.

Ka lura kuma cewa layin baƙi gajere ne. Dokokin wasa mai masauki kaɗai ke sa su, sabar ce ke isar da su ga kowa. Ba sai baƙo ya rubuta -deathmatch ko -warp ba. Abin da sabar ba ta aikawa shi ne fayil. Idan ka ƙara taswira da -file wani.wad, dole kowane baƙo ya mallaki wannan fayil ɗin kuma ya rubuta -file wani.wad a nasa layin. Mantuwar wannan ma wata hanya ce da ake faɗawa cikin "consistency failure".

Akwai -autojoin da ake sawa a madadin -connect da adireshi, tana yin shela a cikin waya ta shiga sabar farko da ta amsa. Tana da daɗi idan ta yi aiki. Amma a kwamfutar cinya da ke da Wi-Fi da kebul a kunne tare, shelar kan fita ta inda ba a so, sai ka ga kamar babu sabar alhali tana nan. Ni adireshi nake rubutawa. Idan kana so ka tabbatar sabar na ji ba tare da ka shiga ba, chocolate-doom -query 192.168.1.10 zai tambaye ta.

Kafin in zo kan kwamfutar da ba ta gani, bari in tsaya kan allon madannai, don a nan garin ya fi komai ɓata wa masu koyo lokaci. Namu AZERTY ne. Ƴar sandar da ke gaban kowace kalma tana kan madannin 6, ba tare da Maj ba. Lambobin saman kuwa sai da Maj, ɗigon da ke cikin adireshi ma sai da Maj a kan madannin da ke da waƙafi mai ɗigo. Yaro ya rubuta 192,168,1,10 da waƙafi, wasan ya ce bai san wannan adireshin ba, a yi ta jan kebul a banza. Wani tarkon kuma: idan aka turo maka umarni ta WhatsApp ko aka rubuta shi a Word, ƴar sandar kan rikiɗe ta zama doguwa. Ido ba ya rabewa sosai, amma wasan ba ya gane ta, sai ya yi watsi da kalmar ba tare da ya ce komai ba, ka ga ya buɗe wasan mutum ɗaya kamar ba ka ce -server ba. Ka rubuta da hannunka. In PowerShell ka buɗe maimakon cmd, sai ka fara da .\chocolate-doom. A cikin wasan kuma, ka buɗe chocolate-doom-setup a kowace kwamfuta ka sa madannan tafiya a Z, Q, S, D, ka sa sunan ɗan wasa, ka daidaita saurin linzami. Waɗannan na kowa ne shi kaɗai, ba sa cikin abin da dole ya zo ɗaya.

Ita kwamfutar da ba ta ganin mai masauki, tun da sauran biyu sun shiga, sabar na aiki kuma ƙofarta a buɗe take. Laifin yana wajen baƙuwar. Ina zargin ta Linux ce, kuma adireshinta ba ya gida ɗaya da na sauran, ko tana kan Wi-Fi na salula su kuma suna kan kebul. Ka gyara adireshin ka sake ping. Amma ka san maganar ƙofa don gaba. Chocolate Doom yana sauraro a ƙofa mai lamba 2342, ta UDP, ba TCP ba. Karo na farko da ka tayar da sabar, katangar tsaro ta Windows takan tambaya ko a bar shi. Wanda ya danna Annuler don sauri ya rufe ƙofar ke nan, kuma ba za ta sake tambaya ba. A mai masauki, da ikon mai gudanarwa:

netsh advfirewall firewall add rule name="Doom" dir=in action=allow protocol=UDP localport=2342

Idan an taɓa hana shi a baya, ka shiga jerin dokokin katangar ka goge tsohuwar dokar hanin, domin a Windows hani yana rinjayar izini. In ta Linux ce masauki kuma katangarta ta ufw na kunne, sudo ufw allow 2342/udp. Don Allah kada ka kashe katangar gaba ɗaya kamar yadda ake yawan yi. Kwamfutocin nan da rana mutane na soka musu filash iri-iri suna buga takardu, Windows 7 kuma ta daina samun gyaran tsaro tun Janairu 2020. Ƙofa ɗaya kake buƙata, ita kaɗai za ka buɗe. Don ka gani da idonka cewa sabar na sauraro, netstat -an -p udp zai nuna layi mai ƙarewa da 2342.

Wace kwamfuta za ta zama masauki? Ta cinyar, don haka ita za ka ba 192.168.1.10, na Windows su ɗauki 11, 12 da 13. Ba don ta fi ƙarfi ba, Doom ba ya neman ƙarfi, kowace cikin huɗun ta fi abin da aka rubuta shi dominsa nesa ba kusa ba. Don tana da batir ne. Idan kuran ya ɗauke, ko soket ya motsa, baƙo ɗaya ya mutu, wasan kan daskare na ɗan lokaci yana jiran saƙonsa, sannan sabar ta cire shi sauran su ci gaba. Idan masauki ne ya mutu, kowa ya tashi. Suwic ɗin ma ka sa shi a kan batirin ajiyar wuta in kana da shi, ba ya cin komai. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ka hure ƙurar fankokin tsofaffin nan, domin a wannan tsarin kwamfuta ɗaya da ta fara ja da baya tana jan kowa. Haka Wi-Fi mai yankewa. Ana iya wasan a kan Wi-Fi ɗin da salula ke rabawa, kuma ba ya cin kuɗin intanet tun da saƙon bai fita ɗakin ba, amma duk sanda saƙon mutum ɗaya ya makara, mutum huɗu ne ke jin tsaikon. Kana da suwic, ka zauna a kan kebul.

Dokokin wasan su ne inda za ka ji daɗin layin umarni, don a nan kake da iko. In ba ka sa -deathmatch ba, wasan haɗin gwiwa ne, ku huɗu a kan dodanni, wanda sai da doom1.wad ko doom2.wad ko sauran fayilolin Freedoom zai yi ma'ana, kuma ku sani harbin abokin tafiya yana kama ku. Da -deathmatch, wato ku fafata da juna, makamai suna zama a wurinsu bayan an ɗauka, kowa ya zo ya samu, amma magani da sulke in an ɗauke sun tafi. Da -altdeath makamin yana ɓacewa idan an ɗauka, sannan kusan komai ya dawo bayan daƙiƙa 30. Ga sababbin hannu na fi son na farko, domin a na biyun wanda ya san taswira yakan riƙe manyan makamai ya hana kowa sakat, yaran su gaji su daina zuwa. Kalmar -skill tana ɗaukar 1 zuwa 5. A 1 da 5 harsashin da ake tsinta ninki biyu ne, a 1 kuma raunin da ake ji rabi ne, wanda ya dace da ranar da ake koya wa mutane. Idan taswirar mai dodanni ce kuma ba ku son su, -nomonsters. A Doom II da FreeDM lamba ɗaya ake ba -warp, a Doom na farko biyu ne, kaso da mataki, kamar -warp 1 3.

Kada ka raina -timer. Ainihin Doom ba shi da dokar cewa wanda ya kai kisa kaza ya ci, taswira ba ta ƙarewa sai wani ya danna madannin fita ko lokaci ya cika. Minti 10 ya isa zagaye, allon sakamako ya fito, masu jira su karɓi kujera. Kuma yana sa a san lokacin tashi: ka duba agogo kafin ka tayar da zagaye, kada kiran magariba ya riski mutane a tsakiyar wasa a fara "bari in ƙarasa". Wasan na harbi ne da jini, ko da hotonsa na 320 a 200 ne. Ƴan fadarku manya ne, amma ƙananan da ke leƙowa daga makaranta, ni dai ba zan zaunar da su a kansa ba sai da sanin iyayensu.

Mutum huɗu ne iyaka, kore da toka-toka da ruwan ƙasa da ja, haka aka gina shi. Ranar da kwamfutocinka suka ƙaru, sai ka tayar da wasa biyu. Kwamfuta guda na iya riƙe sabobi biyu marasa ɗan wasa, kowace a tagarta:

chocolate-doom -dedicated -privateserver -port 2342

chocolate-doom -dedicated -privateserver -port 2343

A Linux akwai chocolate-server mai yin wannan aikin. Masu shiga ta biyun su rubuta -connect 192.168.1.10:2343, ka kuma buɗe wannan ƙofar a katanga. A nan akwai abin da ke ruɗa mutane: irin wannan sabar ba ta karɓar dokokin wasa, in ka ba ta -deathmatch za ta ƙi tashi. Wanda ya fara shiga shi ne shugaban zagayen, a layinsa ake sa -deathmatch da -warp da -timer, shi ne kuma ke danna a fara. In kuwa abin da kake so shi ne mutum takwas ko goma a taswira ɗaya, suna shiga suna fita yadda suka ga dama, Chocolate Doom ba naka ba ne. Ka nemi Odamex ko Zandronum. Su an sake musu tsarin sadarwa, sabar ce ke riƙe da duniyar, ƙofarsu ta asali 10666 ce ta UDP. Sun fi nauyi kaɗan, saitinsu ya fi yawa, kuma ba zan so ka fara da su ba kafin ka ga huɗun nan sun yi zagaye goma lafiya.

Na san tambayar da za ta biyo baya, wato yadda za a buga da aboki a Maraɗi ko Yamai. Umarnin bai canza ba, adireshin ne matsala. Layukan salula galibi suna tara masu amfani da yawa a bayan adireshi guda na waje. In ka duba adireshin da na'urarka ta samu daga kamfani ka ga yana tsakanin 100.64 da 100.127, ko yana farawa da 10, to kana bayan irin wannan shingen, kuma duk buɗe ƙofar da za ka yi a naka ɓangaren ba zai sa na waje ya iso ka ba. Mafita biyu ce. Ko ku duka ku shiga wata hanya ta sirri irin ZeroTier ko Tailscale, wadda ke ba kowa adireshi kamar kuna ɗaki ɗaya, sai ku yi -connect da wannan adireshin. Ko ku yi hayar ƙaramar sabar a intanet ku tayar da chocolate-server a kanta. Ta biyun tana da illa: in sabar tana Faransa, duk motsin da ka yi sai ya je Turai ya dawo kafin abokinka na Maraɗi ya gan shi. Kuɗin intanet ba abin damuwa ba ne, saƙon ƙanƙane ne. Jinkiri da yankewa su ne abin ji. Ƙara -extratics 1 yana sa a riƙa maimaita saƙon baya cikin na gaba, yana rage tsaiko idan wasu na ɓacewa a hanya, amma ba ya rage nisa.

Idan komai ya zauna, kada ka bar mutane suna rubuta layin nan kullum. A kowace kwamfutar Windows ka buɗe Bloc-notes, ka rubuta layi biyu, na farko cd /d C:\doom ko duk inda foldar take, na biyu umarnin -connect, ka adana da suna shiga.bat a kan tebur. Wajen adanawa ka zaɓi "Tous les fichiers", in ba haka ba zai zama shiga.bat.txt ya ƙi tashi. A ta Linux ka yi fayiloli biyu ko uku na masauki, ɗaya na sababbi mai -skill 1 da -deathmatch, ɗaya na gwanaye mai -altdeath, ka ba su izinin tashi da chmod +x. Foldar wasan kuma ka ajiye kwafinta mai tsabta a filash ɗin da ba ka ba kowa aro. Duk ranar da "consistency failure" ya dawo, wani ne ya taɓa fayil a ɗaya daga cikin kwamfutocin: ka goge foldar da ke kanta, ka zuba ta filash ɗin, ka gwada hatimin, ku koma wasa.